Awa Ukun Inna

Tun da aka fito da igiyar raba ciwo, mai dubiya ba ya kawo lemo. Igiyar yake riƙewa, ya ɗauke wa majinyaci zafin awa guda. Da ya saki, ciwon ya koma wa mai shi. An dai hana a wuce awa guda, kada ciwon ya ƙi komawa.

Bayan tiyatar ƙuguna, ƙafata ta hagu kamar an zuba mata garwashi. Kowa ya daina zuwa, sai Inna.

Yau awa uku ta riƙe, tana kallon bango.

"Inna, ki saki haka."

"Wannan ɗan abin? Raki gare ka."

Da ta fita na leƙa taga. Tana dafe da katanga, tana jan ƙafar hagu. Tawa kuwa har yanzu shiru.