Fayil Zuwa Hawa na Bakwai

Wata takwas Nazir ya yi yana zaɓen manhajar da zai gina wasan kwamfuta da ita. Ya fara da Unity, ya ce ta cika ƙa'ida. Ya koma Unreal, kwamfutarsa ta ɗau zafi kamar dutsen guga. Duk abin da ya iya bai wuce sa akwati ya yi tsalle ba.

Ana nan wani ya shigo zauren WhatsApp na masu koyo a Abuja, babu hoto, sunansa Sabon Shiga. Ya tambayi wacce ta fi sauƙi ga wanda bai san komai ba. Nazir ne ya amsa masa da gatse cewa ya ɗauki Godot, ta yara. Mutumin ya yi godiya cikin ladabi, kamar mai rubuta wasiƙar ofis.

Bayan sati shida ya turo wasa. Fayil kake turawa daga tebur zuwa tebur, kana kauce wa masinja da kofin shayi, har ka kai shi hawa na bakwai oga ya sa hannu. Zaure ya ɗauka da yabo. Nazir ya buɗe rubutun umarnin da aka gina wasan da shi yana neman kuskure, bai samu ko harafi ɗaya a karkace ba. Abin da ya fi ci masa rai, mutumin da rana tsaka yake aikinsa, lokacin da shi yake fama a ofis.

Abinci ya daina yi masa daɗi. Mahaifiyarsa, Hajiya Kubra, wadda suke zaune tare a Kubwa, ta tambaye shi ko lafiya. Ya ce ba abin da za ta gane ba ne.

Da aka sa ranar baje kolin wasanni a Wuse, Nazir ya kira Kingsley, mai shirya taron, ya rantse masa cewa rubutun na sata ne, ɗan koyo ba zai iya ba. Kingsley ya ce za a sa mai wasan ya rubuta sabo a gaban jama'a, in ya kasa a kore shi daga zauren.

Ran Asabar ɗin taron ya sauke Hajiya a bakin kasuwar Wuse kamar yadda ta roƙa, ya wuce wurin taro ya kama kujerar gaba. Kingsley ya karanta ƙarar, har da sunan mai ƙara, sannan ya kira Sabon Shiga. Nazir ya ɗaga waya don ya ɗauki kunyar a bidiyo.

Hajiya Kubra, wadda ta shekara talatin tana buga takardu a ma'aikata kafin ta yi ritaya, ta taso daga baya, ta zauna gaban kwamfutar, ta gyara tabarau, ta ce, "Nazir, zo ka nuna wa uwarka layin da ta sata."