Fayil Mai Lamba Tara

Daga ƙofar ofishinta zuwa ta manaja taku ashirin da bakwai ne. Shugabar sashen ma'aikata ta sake ƙirga su, hannunta na shafar bango, fayil mai lamba tara a hammatarta.

Ita ta kawo wannan tsari shekara huɗu da suka wuce. Duk ma'aikacin da wata lalura ta same shi, sai ya rubuto abin da yake buƙata, a cire sunansa, a sa lamba. Lambar kawai manaja yake gani, don kada sanayya ko ƙiyayya ta shiga hukunci. Da haka aka yi wa akawu mai keken guragu gangare a bakin ƙofa, aka mai da direban da kunnensa ya yi nauyi sashen ajiyar kaya. Har hotonsu aka buga a kalandar kamfani.

A fayil na tara, ido ne ke tafiya. Likita ya rubuta cewa kafin shekara ta zagayo, sai dai a bambance haske da duhu. Buƙatun ba su da yawa: manhajar da ke karanta rubutu da murya, a daina barin kaya a kan hanya, sai wata uku na koyo.

Tun da safe ta yi ta kawar da kwalaye daga baranda.

"Anti Tsari, yau kuma aikina za ki ƙwace?" in ji mai shara. "Jiya ma na ɗaga miki hannu a bakin titi, kika share ni kamar ba ki san ni ba."

"Tunani ne ya yi mini yawa, 'yar'uwa."

Manaja a tsaye ya karanta fayil ɗin, ya ajiye.

"Malama, na keke daban, wannan daban. Aikinmu duk takarda ne. Wanda ba ya gani me zai tsinana mana?"

"Ranka ya daɗe, ba a taɓa samun kuskure a aikin ba. Wata uku kawai ake roƙo."

"Tausayinki ya yi yawa. Ai ba kowa ne irinki ba, da ko allura ta faɗi a gidan nan sai kin gani." Ya miƙo mata fayil ɗin. Sai a karo na biyu hannunta ya kama. "Ki rubuta masa takardar sallama, ki tausasa harshe, ke kin iya. Sunansa ma kada ki faɗa mini, ya zo ya tsaya mini a rai."

Ta buɗe baki. Ta san in ta faɗi sunan, wataƙila ya sake shawara. To amma gobe akwai na goma, wanda manaja bai taɓa zama da shi ba, bai san 'ya'yansa ba. Shi wa zai sake wa shawara? Ta haɗiye maganar, ta yi godiya.

Taku ashirin da bakwai. Ta rufe ƙofarta, ta zauna, ta ƙara wa haruffan kwamfuta girma. Ta tausasa harshe kamar yadda aka ce: kamfani na godiya, kamfani ba zai manta ba. Ta buga hatimi, ta ninke takardar gida uku, gefe da gefe daidai, yadda ta saba yi shekara goma sha takwas ke nan.

Saura suna a bayan ambulan. Ta matso da shi har ya kusa taɓa hancinta, a hankali ta rubuta nata.