Alƙalin da Ya Leƙa Gonar Abokinsa

Zauna ka ji wani misali, tunda na lura kwanan nan idonka ya fi zama a kan aikin abokinka fiye da naka. An yi wasu alƙalan ƙwallon kwando su biyu a wani gari, dogo da gajere, shekara ɗaya suka fara rataya usur. Shi wannan wasa raba fili alƙalai ke yi. Ɗaya ya tsaya ƙarƙashin kwando yana lura da masu turereniya, ɗaya ya biyo bayan 'yan wasa, idonsa a kan ƙafar mai jifa daga nesa. In ƙafar tana bayan layin nan mai lanƙwasa, maki uku ne. In ko bakin takalmi ya taɓa fentin layin, an koma biyu. Dogon nan gwani ne, wannan ba gardama. Ga murya ga kwarjini, in ya busa usur har mai rake a bakin ƙofa sai ya waiwayo. Amma akwai abin da ke cin ransa: duk ranar da aka tashi wasa, wurin gajere 'yan wasa ke zuwa su ba da hannu, har waɗanda aka ci. Shi kuwa sai dai a ɗaga masa hannu daga nesa. Ya rasa me suka gani a jikin mutumin da ko zaren ragar kwando hannunsa ba ya kaiwa. In aka yabi gajere a gabansa sai ya yi dariyar yaƙe.

Ana nan sai wasan ƙarshe na gasar garin ya zo, hukumar wasanni ta turo wani dattijo ya zaɓi alƙali ɗaya tak da zai je gasar ƙasa. Tun da aka fara, dattijon dogo yake kallo yana gyaɗa kai, don dogo ne ke cika ido. Gajere kuwa kamar ba ya filin. Dogo ya ga gyaɗa kan nan sarai, ya san kujerar ta kusa zama tasa. Sai dai hakan bai ishe shi ba. Shi so yake ya tafi, kuma a ga kasawar gajere a bainar jama'a. Lokaci na dab da cika, ƙungiya ɗaya tana baya da maki biyu, wani ɗan wasanta ya daka tsalle daga bakin layi ya jefa, ƙwallo ta faɗa raga. Gajere, da ke gefensa a ɗan duƙe, ya ɗaga hannu biyu sama: uku. Fili ya kaure da ihu. Dogo yana can ƙarƙashin kwando, inda aka ba shi amana, amma tun ɗazu wuyansa a miƙe yake yana leƙen ɓangaren da ba nasa ba. Ya busa usur da ƙarfi, ya taho yana kaɗa yatsu biyu, wai an taka layi. Ya gani ne? Ina! Zuciyarsa ce ta gani.

Da rigima ta yi rigima, dattijon ya sauko. Bai tambayi wa ke da gaskiya ba. Ya sa 'yan wasa kowa ya koma inda yake lokacin jifan, shi kuma ya je ya tsaya a gurbin gajere, ya duƙa yadda gajeren ya duƙa: ga ƙafa ga layi, ba abin da ya gitta. Ya taka zuwa gurbin dogo, ya duba: gadon bayan ƙarti kawai ake gani. Yana juyawa kuma sai ga wani ɗan wasa nan dab da ƙafar dogo, dafe da baki, jini na bin yatsunsa. An sa masa gwiwar hannu wajen turereniya, dogo mai tsaron wurin bai ko sani ba. Aka bar maki uku yadda suke. Dattijon ya dafa kafaɗar dogo, ya ce, “Malam, na gode. Tun da aka fara kai nake kallo, ban san akwai alƙali irin gajeren nan a filin ba sai da ka nuna mini shi.” Gajere aka tura gasar ƙasa, dogo na cikin masu rakiya tasha, jakar gajeren ma shi ya riƙe.

Ka ji dalilin da Hausawa ke cewa hassada ga mai rabo taki ce.