Gurbin Yatsa a Kambin Sarki

Tunda ka ce gobe za ka kira magina su gyara zauren da kakanka ya bari, zauna in ba ka wani misali kafin ka aika musu.

A ƙasar Fotugal, can bakin teku, zamanin da take da sarakuna, ba a ɗora wa sarki kambi a ka. A kan matashi ake ajiye shi, a gefensa. To, an yi wani maƙerin zinariya a babban birninsu, gwani na gaske, amma irin gwanayen nan da ba sa iya ganin aikin wani su yi shiru. Ko cokali ka miƙa masa sai ya nuna maka inda maƙerinsa ya yi ha'inci. Burinsa ɗaya ne a duniya, hannunsa ya taɓa kambin sarauta, sunansa ya shiga bakin mutane. Ana nan sai sarki ya rasu. Ana shirin naɗa ɗansa, ma'ajin fada ya kawo kambin naɗe cikin ƙyalle, ya ce dutsen yaƙutu ɗaya ne yake girgiɗi, a ɗaure shi, shi ke nan. Maƙeri ya ɗaure dutse tun gawayi bai gama kamawa ba. Yana jujjuya kambin a hasken taga sai ya ga gefe ɗaya ya lotsa, wani ɗan gurbi wanda cikinsa ya yi santsi ya dushe. Abin ya tsaya masa a rai. Ya ajiye, ya ɗauka, ya sake ajiyewa. Yanzu a ce daga maƙerarsa kambi ya fita da wannan tabo? Bai tambayi kowa ba, don a wurinsa tambaya faɗuwa ce. Ya ɗauko ƙaramar guduma ya bubbuga ta ciki a hankali, ya bi da magagari, ya goge har ya ga fuskarsa a wurin. Ranar don murna sai da ya nemi ƙarin abinci.

Abin da bai sani ba, a zamanin kakanni girgizar ƙasa ta taɓa rushe fadar, aka tono kambin daga ƙarƙashin duwatsu da wannan lotsawa. Tun daga nan 'yan gidan suka riƙe wata al'ada a tsakaninsu: duk sabon sarki, tunda ba zai sa kambi a ka ba, sai ya ɗora hannu a kai, ya sa babban yatsansa a gurbin, daidai inda na ubansa ya shiga. Santsin da maƙeri ya gani, aikin yatsun nan ne.

Ranar naɗi maƙeri ya ci ado ya kutsa gaban taro yana jiran yabo. Yarima ya miƙa hannu. Yatsansa ya zagaya kambin, ya dawo, ya sake zagayawa, fuskarsa ta canza. Kakarsa, tsohuwar da idonta ya yi rauni, ta ce a matso mata da matashin. Ta shafa, ta shafa, sannan ta janye hannu ta ce, “Wannan ba namu ba ne.” Aka kira maƙeri. Ya rantse cewa kambin nasu ne, ba a sauya shi ba, ya ce, “Ranki ya daɗe, ko ƙwayar zinariya ban rage ba. In gurbin ake so, yanzun nan sai in mayar.” Tsohuwa ta ce, “Ɗan nan, wanda za ka yi ai naka ne. Wancan yatsan mijina ya shiga, na ɗana ya shiga. Jikan nan nawa yana hanya ubansa ya cika, ba su yi sallama ba. A nan ya so ya taɓa shi.”

Ba a dake shi ba, ba a ɗaure shi ba, kuma da dukan aka yi da ya fi masa sauƙi. Ya koma maƙera da baƙin cikin da guduma ba ta gyarawa. Sunansa kuwa ya shiga bakin mutane kamar yadda ya so, sai dai in ya wuce cewa ake yi, ga wanda ya goge yatsan sarakuna.

Saboda haka dokin ƙofar zauren nan da ka ce ya cinye, je ka tambayi gwaggonka ƙafar wa ta cinye shi, kafin magina su sa masa siminti. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce, garin neman gira, an rasa ido.