Ladanin Dagmanet a Cikin Kumbo

Kadidia ta ajiye salula a gaban Alkasum, saurayinta, wanda ya ce fari ya kora shi Djado haƙar zinariya. Wai daga can ya naɗo mata da muryarsa kashi na biyu na labarinsa na matuƙan kumbo.

"Yaya kika ji shi?"

"Bai kai na farko ba, ka gaggauta yaƙin taurari." Ta ɗago ido. "Kuma kumbon na sauka a duniyar wata, sai na ji ladanin unguwarmu Dagmanet ya kira la'asar a bayan muryarka. Na san tarinsa. A gidan wa ka ɓuya?"

"Kadidia, ban samo kome ba. Kunya ce..."

"Gidan wa, na ce."

Ta zare zoben azurfar da ya ba ta daga yatsanta, ta ɗora a kan salular.