Fitilar Sallau

Tun da aka haɗa wa kowa fitila da bugun zuciyarsa, ba a zaman makoki sai fitilar mutum ta mutu. Ta Sallau kuwa tana nan tana ci, shekaru bayan ya tafi cin kasuwa bai dawo ba.

Mahaifiyarsa, Dudu, ta kai ta wurin mai gyara.

"Yaro, kullum da la'asar sai ta kama ƙyaftawa kamar za ta fashe. Lalacewa ta yi?"

Ya duba, ya miƙo mata da hannu biyu. "Ƙalau take, Inna. Ɗanki ne cikin firgici."

Tana hanya aka kira la'asar, hasken ya soma rawa cikin mayafinta. Ran nan ta fara roƙon Allah Ya kashe fitilar.