Rundunar Sharifu

Umaima ta danna, amalanken ƙarfe ya fita daga garinta ya nufi garin yayanta. Kafin ta mayar da wayar aljihu har an karɓa.

Wasa ne na waya, irin na sarakunan da: ka sare daji, ka gina gari da ganuwa, ka haƙo ƙarfe, maƙera su ƙera wa dakarunka takubba. Ita tela ce a Dapaong, ta sa wa garinta suna Korbongou, ƙauyen mahaifiyarsu. Yayanta Sharifu mahauci ne a Sokodé, mutumin da hannunsa kullum cikin maiƙo yake, ko makulli bai taɓa sa wa wayarsa ba. Shi ya koya mata wasan, don ba ya son dogon surutu. Da safe ta aika masa ƙarfe, ya aiko mata hatsi. Gaisuwarsu ke nan.

Kuma wallahi Sharifu a wasan nan abin dariya ne. Kowa na tara dakaru, shi rijiyoyi yake haƙawa, yana jera rumbuna.

"Yaya, kai sarki ne ko manomi?" ta taɓa tsokanarsa.

"Yankan da nake yi a kasuwa ya ishe ni," in ji shi.

Sai aka shiga watannin zanga-zangar neman a gyara tsarin mulki. Sokodé ta rikice, hayaƙi ko'ina, aka yanke intanet. Sharifu ya fita ya rufe rumfarsa kada a ƙone ta, bai dawo ba. Matarsa Zalia ta zaga asibiti, ta zaga wuraren tsare mutane, kowa ya ce bai gan shi ba. Lambarsa kuwa ta daina shiga kwata-kwata.

Umaima ba ta yi kuka ba. Ta ci gaba da taka keken ɗinki, tana cin abinci ba ta jin ɗanɗanonsa. Ranar da intanet ya dawo ta buɗe wasan haka kawai, don hannu ya saba. Sai ta ga hayaƙi na tashi daga maƙerar garin Sharifu.

Ta aika ƙarfe. Aka karɓa.

A lokacin mahaifiyarsu, Inna Fulera, ta riga ta kira malam a sa ranar addu'a, dangi sun fara cewa Zalia ta shiga takaba. Umaima ta tsaya a tsakar gida ta hana.

"Inna, yana nan da ransa. Ɓoyewa ya yi, ya cire layinsa don kada a bi sawunsa. Dubi, jiya ma ya gina barikin mahaya."

Tsohuwar ba ta san wasa ba, amma ta ƙura wa ƴan mutanen da ke kai da komo a fuskar wayar ido, ta daɗe. Sannan ta aika a ce wa malam a dakata.

Daga nan garin Sharifu na cikin wasan ya canza. Aka rushe rumbuna aka kafa maƙeru. Aka ɗebe manoma daga gonaki aka ba su masu. Maharba a baya, masu sulke a gaba, mahaya a gefe, jeri tsaf kamar na wanda ya san aikin. Hatsi bai ƙara zuwa ba. Ta rubuta masa "Yaya, ko kalma ɗaya," shiru. To, ta ce a ranta, duk wanda ya ga abin da ya gani a Sokodé dole zuciyarsa ta bushe, ai ko ita tata ta bushe. Ta kwashe duk mutanen garinta ta zuba su a ramin haƙar ƙarfe. Garinta ya shiga yunwa, ko a jikinta. Muddin ana karɓa, yayanta na numfashi.

Rundunar ta girma har ta fara cin maƙwabta. Kowace safiya Inna Fulera sai ta leƙo shago ta tambaya, "Ya karɓa?" Umaima ta ce ya karɓa. Zalia kuwa tana can tsaye tsakanin aure da takaba, ba ta san wanne take ciki ba, har dangi suka fara gunaguni.

Da hanya ta ɗan lafa, Umaima ta rufe shago ta hau mota. In yana Sokodé, za ta tono shi ko a wane rami ya shige. Suka wuce Mango, suka wuce Kara.

Gab da shiga Sokodé aka tsayar da su a shinge. Aka ce kowa ya sauko da katin shaidarsa a hannu. Wani mai kaki na zaune a kan benci, bindiga a cinya, yana karɓar kati da hannu ɗaya, ɗaya hannun riƙe da waya, ko fuskokin mutane ba ya kallo. Layi ya yi tsawo, rana ta take. Da layi ya kawo kanta, Umaima ta tuna yau ba ta aika ƙarfe ba, ga shi ta iso garin yayanta. Ta ciro wayarta ta danna.

Daga wayar da ke hannun mai kakin, ƙarar guduma a kan maƙera ta tashi, irin wadda wasan ke yi in kaya sun iso. Mutumin ya yi murmushi, ya miƙa hannu ya karɓi katinta, ya juya ga abokin aikinsa ya ce da Faransanci:

"Wannan mai garin Korbongou ba ta fashi. Tun ranar da na zare wayar nan daga aljihun gawar mahaucin nan take aiko min ƙarfe."